Tsohon da Ya Tsallake 'Yata

Tun kafin tsohon nan ya sauka garinmu ina da abin da yake hana ni sakewa, wato idon mutane a kan hannun 'yata. Da cindo aka haife ta a hannun hagu, ɗan yatsa na shida yana reto kamar ƙwayar wake. Biyu na haifa kafin ita, duka maza, ba wanda ya kai yaye, har an fara ce mini mai wabi. Ranar suna wanzami ya ce a miƙo hannun ya cire, na ƙi, don aska ta taɓa yayyenta biyu, ga kuma inda suke kwance. Uwar mijina, wadda nake kira Iya, ta ce in bari a yi a wuce wurin. Na kafe. Sai na riƙa naɗe hannun da tsumma duk sa'ad da za mu fita, wai kada a gani a tanka. Ashe tsumman ya fi yatsan jan ido.

Ni na san inda ta gado shi. Innata da shi aka haife ta, aka cire mata tana jaririya, tabon yana gefen hannunta har ta koma ga Allah. Ni ce autarta, ta haife ni da furfura a kanta, ta rasu shekara guda kafin a kawo ni garin nan, don haka ba wanda ya taɓa ganin fuskarta a nan. Garinsu na asali yaƙi ya cinye shi tun tana ƙarama, ko kufai ba a nunawa. Abin da ya rage mata na gida shi ne zanen fuskarta: bille biyu a kuncin hagu, ɗaya a dama, da 'yar gajeriyar tsaga a haɓa. Na je kasuwar Haɗeja, na je ta Kafin Hausa, ban taɓa ganin mai irinsa ba.

Garinmu a kan tudu yake a tsakiyar fadama. In kogi ya kawo sai ruwa ya zagaye mu, mu zama kamar malmalar tuwo a cikin miya. Wanda ya shigo ya shigo ke nan, sai masu fito sun ga dama. A irin wannan lokaci fatake suka ajiye mana shi, ruwa yana binsu a baya, suka wuce suka bar shi da akwati guda.

Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, baƙi kamar mu, har ya fi mijina duhu. Farin gemu ya cinye masa kumatu har ƙarƙashin ido. Rigarsa baƙa ce matsattsiya mai maɓallai daga wuya har idon sawu, ba ta mutanenmu ba ce, ba ta Larabawa ba. Ga madubai biyu ɗaure a kan idonsa. Ga sanda mai lanƙwasasshen kai kamar ƙugiyar kaɗo tsamiya. Yana jin Hausa, amma irin ta ɗan shekara tara a bakin mai furfura, kuma yakan jefo wata kalma da sai tsofaffinmu ne kaɗai suke ganewa.

Labarinsa Iya ta kawo mini daga gidan bulama. Wai ɗan ƙasar nan ne, aka sace shi yana yaro, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku. Aka sa su a jirgi, wasu Nasara suka tare jirgin suka kwance su. A wurinsu ya girma, ya shiga addininsu, na jama'ar Ingilishi, ya zama limami, har aka ɗora shi a kan limamai da yawa, ana ce masa bishof. Wai shekara arba'in yana hawa da sauka a babban kogin kudu cikin kwalekwale, yana gina ɗakunan sallarsu, yana koyar da karatu, yana ɗora wa mutane hannu a ka. Da gwiwa ta gaza, ido ya dushe, ya miƙa aikin ga wani, ya taho neman inda aka binne cibiyarsa. Sunan garin da yake faɗa ba wanda ya san shi. Abin da ya tuna kawai, ruwa yana zagaye su kamar mu, kuma suna cin bado.

Iya ta taɓe baki ta ce, "Mutum ya bar daula ya zo cizon sauro? Akwai dai abin da ya koro shi."

Ni ma haka na gani. Liman ya ce baƙo yana da haƙƙi, kuma mutanen littafi ne, bulama ya ba shi zaure. Amma ni na sa masa ido, don hanyar mashaya ta gaban zauren take bi.

Ba ya alwala. Da safe sai ya durƙusa ya rufe ido, yau ya fuskanci gabas, gobe ya fuskanci rumbu, duk ɗaya ne a wurinsa. Ranar Lahadi yakan ɗora farar riga a kan baƙar, ya tsaya a gindin tsamiya ya buɗe littafi, ya yi ta karatu da ƙarfi yana ware hannuwa kamar mai yi wa taro magana, alhali daga awaki sai kaji. Yakan dakata ma kamar mai jiran a amsa masa. Sannan ya gutsuri ɗan abu ya ci, ya kurɓi wani abu a ƙaramin ƙoƙon ƙarfe. Na ce a raina, to su wa yake gani da mu ba ma gani?

Ba zan ɓoye alherinsa ba. Shekarar kurkunu ta yi yawa, maza da dama suna kwance ga shinkafa tana jiran tsaron tsuntsu. Shi ne ya bi su gida gida, ya dafa ruwa ya wanke ƙafa, ya naɗe tsutsar a tsinke kaɗan kaɗan kowace safiya, bai taɓa tsinke ko ɗaya ba. Mijina yana cikinsu. Kwana goma sha wani abu tsohon yana durƙusawa a gabansa da waɗannan gwiwoyin, har mijin nawa ya miƙe ya ɗauki gorarsa da homa ya koma kamun kifi.

Mijina ya ce mini, "Tsohon nan hannunsa da sauƙi."

Na ce, "Ai maye ma da fara'a yake shiga gida."

Ya ce, "Ke kam ko inuwarki ba ki yarda da ita ba."

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayarsa. Duk macen da ya gani sai ya gaishe ta ya ce, uwarki 'yar wane gari ce? Wane irin zane gare ta? In an faɗa masa sai ya rubuta a ɗan littafi, rubutun ma baibai, daga hagu yake farawa. Me namiji zai yi da uwayen mutane? Ni ina hango shi nake sauya hanya.

Ranar da ya same ni, da hantsi ne a mashaya. Ina wanke shinkafa, yarinyar tana wasa da laka a bayana, lokacin tana da shekara uku ba kaɗan, baki ya fara buɗewa. Ban san tsumman ya faɗi ba. Da na waiwaya sai na gan shi zaune a kan wata kifaffiyar gora, hannunta a cikin nasa, yana juya shi. Ya daɗe yana kallon yatsan. Na kuma gan shi da idona yana haɗiyar yawu.

Na yi tsalle na fizge ta.

Ya ce, "Sannu, 'yata, ba zan cuce ta ba. A gidanku akwai mai irin wannan?"

Na ce, "Babu."

"Uwarki fa? 'Yar ina ce?"

Na ce, "'Yar Miga ce, kakanninta ma duk 'yan Miga ne." Ƙarya na shara masa, don an ce kada ka ba maye bakin zare.

Ya gyaɗa kai. Sai ya ciro wani farin abu mai ƙyalli kamar gishiri ya miƙa mata, kafin in kai hannu ta jefa a baki. Na sa yatsa in ƙwaƙulo, ya riga ya narke. Zaƙi ne da shi, na lasa na ji. Daga ranar ko daga nesa ta hango shi sai ta hau tsalle tana "Mai sanda! Mai sanda!" ni kuwa ina janye ta.

Kwana huɗu tsakani zazzaɓi ya kama ta. Lokacin ruwa ya fara ja da baya, sauro kamar a ɗiba da ƙwarya, yara da yawa suna kwance, amma ni tawa na sani. Muka dafa sabara, muka karɓo rubutu wurin liman, Iya ta yi mata hayaƙi. Jiki sai ƙara zafi yake kamar an sauke tukunya. Tsohon ya ji, ya ba mijina wani farin gari a naɗe cikin takarda, wai a jiƙa a ba ta. Na karɓa na ce to, yana juya baya na watsa shi a murhu.

A rana ta uku ta sanƙare, ido ya juye. Da ta dawo sai ta fara sambatu, kuma ba ta kira ni ba, ba ta kira ubanta ba. "Mai sanda," take cewa, "mai sanda." Iya ta dubi maƙwabciyarmu, maƙwabciyar ta dubi ƙasa.

Kowa a nan ya san wannan. In maye ya kama kurwar mutum ya ɓoye, majinyacin da bakinsa yake kiran sunansa. Magani ɗaya ne: a kamo mayen ya tuɓe, ya tsallake mara lafiyar sau uku, ya kuskure baki a ba shi ruwan ya sha, sai kurwar ta dawo. Wanda kuwa ya tsallaka ya amsa sunan maye ke nan har kabarinsa.

Ba wanda ya aike ni. Ni na saɓe ta a kafaɗa, ko mayafi ban ɗauka ba, na fita da rana tsaka ina kururuwa har ƙofar bulama. Na ce baƙonku ya kama mini 'ya, biyu na binne, ba zan binne ta uku ina kallo ba. Kafin in rufe baki gari ya taru. Aka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar da yake karatu, aka kwantar da ita, na durƙusa a gefenta. Samari suka fito da shi daga zaure.

Bulama ya ce, "Baba, ka ji abin da ake faɗa. Ka taimaka ka tsallake ta, kowa ya huta."

Tsohon ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan yi ba. Shekara arba'in ina shiga tsakanin taro irin wannan da tsofaffin da ake tuhuma. Akwai wadda na ɓoye a ɗakina wata biyu. Yau in na tsallaka na ce musu gaskiya suka yi. Zazzaɓin ruwa ne yake damun yarinyar nan, na kuma aika da magani."

Wani daga baya ya ce, "Ji shi, har ya san abin da yake damunta!"

Wata ta ce, "Ai mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo."

Liman ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, ku ji tsoron Allah, zato zunubi ne. Mutumin nan ya wanke ƙafafun rabinku."

Iya ta ce, "Allah gafarta Malam, rubutunka mun sha, ba ta tashi ba. Ka bari a gwada na gargajiya."

Mijina yana tsaye ya rasa inda zai sa kansa, ya dubi ƙafarsa da ta warke, ya dubi 'yarsa.

Samarin suka fara ɓalle masa maɓallai, da suka gaji suka yage sauran. Liman ya roƙa aka bar masa wando. Aka cire madubin idonsa. Suka danna shi ya durƙusa a ɗaya gefen tabarmar, muna fuskantar juna, yarinyar a tsakaninmu. Aka miƙo masa ƙwaryar ruwa ya kuskure baki, ya kawar da kai. Sai wani mai zafin kai ya watsa masa ruwan a fuska.

Gemun nan da ya cika masa fuska ya jiƙe ya kwanta, ashe ba shi da kauri. Fatar ta fito. Tsakanina da shi bai fi kamu biyu ba. Na ga bille biyu a kuncin hagu, ɗaya a dama. Ya ɗaga hannu zai share ido, na ga tsagar haɓa, na kuma ga gefen hannun nasa na hagu, wani ɗan tabo a daidai inda na Inna yake.

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Zanen Inna," ba.

A hankali na faɗa, ga hayaniya, amma ya ji. Ya ce, "Me kika ce, 'yata?"

Na ce, "Biyu a hagu, ɗaya a dama."

"Kin ce 'yar Miga ce."

"Ƙarya na yi."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi abin da tasa ta yi ba. Kamar an kunna fitila a cikin tulu. Ya ɗago, ya buɗe baki, na san abin da zai faɗa: zai ce jama'a ga 'yar ƙanwata, ga jikata, abin da na zo nema ke nan. Ni kuwa a daidai lokacin wani abu ya faɗo mini a rai. Ido kawai na zuba masa.

Iya ta matso ta ce, "Ke, ƙus-ƙus ɗin me kike yi da maye?"

Ya dube ni, ya dubi Iya, ya rufe bakinsa. Can ya juya wajen bulama ya ce, "Ranka ya daɗe, na daɗe da barin gida, na manta. Maita a ina ake samunta?"

Aka yi dariya. Wani ya ce, "Kai za ka tambaye mu? A nono ake sha!"

Tsohon ya ce, "Wanda ya sha nono ɗaya da maye fa?"

Iya ta ce, "Maye ne mana. In mace ce, da ita da duk abin da ta shayar, har jikoki."

Abin da ya faɗo mini ke nan. In shi maye ne, Inna mayya ce, ni ma haka, da wannan da take kwance. Kuma ba sai an yi nisa ba za a tuna da 'ya'yana biyu da ba su kai yaye ba, a ce ashe ita ta cinye abinta. Na san garinmu. Da bakina na tara su, kuma ba za su watse ba sai sun tafi da maye, ko ɗaya ko uku.

Tsohon ya daɗe kansa a sunkuye, ruwa yana ɗiga daga gemunsa a kan tabarma. Sannan ya ce, da ƙarfi yadda na baya za su ji, "To ku saurara. Ni baƙo ne. Ni kaɗai na zo, ni kaɗai zan koma. Ni ba maye ba ne, Allah Ya sani, amma in ƙafata ce za ta kwantar da hankalin uwar nan, ga ta. Sai dai ruwan da za a ba ta, ni zan haɗa shi da garin maganina."

Bulama ya ce, "Sa abin da ka ga dama, wanda ya ɗaure shi ya san bakin igiya."

Aka ɗauko masa akwatinsa, aka ba shi sandarsa don ba ya iya miƙewa sai da ita. Yarinya 'yar mitsitsiya, amma ɗaga ƙafar nan ya zame masa aiki. Ya tsallaka na farko yana motsa baki, ban san da wane harshe ba. Ya zagayo ya yi na biyu. A na uku gwiwar ta ƙi, ya tafi zai faɗi a kanta, liman ya yi wuf ya riƙe masa hannu, hannun hagun, har ya sauke ƙafar. Ba wanda ya yi dariya a nan.

Tsohon ya kuskure baki, ya zuba garin a ruwan, ya tallafo kanta da kansa ya ɗura mata. Ta yamutsa fuska ta furzar da rabi, ya sake ba ta. Sannan ya ƙirgo naɗin takarda shida ya sa mini a hannu a gaban kowa, ya ce, "Safe da yamma, kwana uku. In kin zubar da ko ɗaya, kada a neme ni." Ya san na zubar da na farko, ban san yadda aka yi ya sani ba.

Ban zubar ba. Na ɗanɗana, ɗaci kamar maɗaci ya yi ƙarya. Washegari gumi ya karyo mata, a rana ta uku ta ce kunu take so.

Gari ya ce to, ga shi nan, magana ta fito. Waɗanda ya cire wa kurkunu suka riƙa duba ƙafafunsu suna tofi. Bulama ya ce ba zai iya tsare shi ba, gara ya tafi tun ana shaida juna. Ba mai fiton da ya yarda ya ɗauke shi, sai mijina ya ce shi zai haye da shi, ko don ƙafarsa.

Da safen da zai tafi na ɗauki tulu na bi su mashaya kamar mai ɗiban ruwa. Mata suna can gefe suna wanki, suna satar kallo. Mijina ya shiga ruwa yana ɗaure akwatin a kan gorar fito. Tsohon yana tsaye, an ɗinke rigar da zaren kaba. Na durƙusa kusa da shi ina cika tulu, ban ɗago ba, shi ma ruwa yake kallo.

Ya ce, "Uwarki tana da rai?"

Na ce, "Shekara bakwai da rasuwa."

Ya ce, "Ta sha wuya?"

"Ta sha, amma ta tsufa a ɗakinta. Tara ta haifa, ni ce auta."

"Tara," ya ce. Sai na ji kamar ya yi 'yar dariya. "Ta daina tsoron kwaɗi? Ni nake goya ta in za mu ratsa fadama, ta ƙanƙame mini wuya."

Na ce, "Har ta mutu in ta ga kwaɗo sai ta hau turmi."

Tulun ya cika tuntuni, ina ta riƙe da shi a cikin ruwa. Kalma ɗaya ce a bakina, Kawu, ta zo har kan harshe. Na ga maƙwabciyarmu ta daina wanki ta miƙe tsaye. Sai na ce, "Allah Ya kiyaye hanya, Baba," kamar yadda ake ce wa kowane tsoho.

Ya ce, "Amin, 'yata. Ki daina naɗe mata hannu, yatsa ne kawai."

Mijina ya kira shi. Ya kwanta a kan babbar gora, sandar a ɗaure a bayansa, lanƙwasasshen kan yana sama, mijina yana iyo yana tura shi. Na ga sandar har suka shiga cikin bado. Daga baya fatake suka ce sun gan shi a hanyar Kano, wai zai koma inda manyan kogunan kudu biyu suka haɗu.

Yau shekara huɗu ke nan. Yarinyar tana nan, har ta fara famfara, na kuma samu namiji a bayanta ya wuce yaye. Mijina bai san tsohon kawuna ne ba, Iya ma ba ta sani ba. A garin nan in yaro ya ƙi barci har yanzu da mai sanda ake tsorata shi, ni ma an sha yi a gabana ina jin su.

Zan faɗi gaskiya, hankalina bai kwanta ba. Wata rana in ce garin maganin nan mai ɗaci ne ya tashe ta, don liman ya taɓa ce mini fatake suna sayen irinsa a kudu saboda zazzaɓi. Wata rana kuma in ce, to ai sai da ya tsallake ta ta tashi. In kuwa tsallakewar ce, kun ga inda maganar ta dawo. Nakan danna cikina in ji ko akwai wani abu mai tauri a ciki, irin ƙanƙarar maita da ake faɗa. In ɗan maƙwabta ya yi zazzaɓi sai in hau tuna ko na kalle shi jiya, ko na yaba shi. Na daina ɗaukar jariran mutane, suna cewa girman kai ne. Shi ma tsohon nakan tambayi kaina, da gaske don ni ya yi shiru, ko dai ya ga dangin da suka tara masa gari ba abin nema ba ne? Sannan ga liman. Shi ya riƙe wa tsohon hannun nan na hagu mai tabo, kuma na sha kama shi yana kallon yatsan 'yata in ta kai masa abinci. Bai taɓa cewa komai ba. Ban sani ba ko rufin asiri ne, ko ajiya yake yi.

Ban cire mata cindon ba. In an cire, tabon zai zama irin nasa.

Da ɗan ajamin da na koya kafin a yi mini aure na rubuta wannan, a ɓoye, zan kuma ba fatake su yi nisa da shi. Kai da ya faɗo hannunka, don Allah kada ka karanta shi a ƙasar Haɗeja. In hanyarka ta kai ka mahaɗar kogunan nan, ka tambayi Nasaran wurin tsohon bishof ɗinsu mai bille biyu a hagu, ɗaya a dama. In yana da rai, ka ce masa yarinyar ta tashi, hannunta a buɗe yake, kuma 'yar ƙanwarsa tana gaishe da Kawunta. In ya riga mu, ka nemi inda aka sa shi ka faɗa a wurin.